Ƙofar tsohuwar tanda: rufaffiya, mai huji, mai zamiya ko mai raga?

Jikin tsohuwar tanda yakan daɗe, ƙofarta ce ke fara mutuwa. Ƙyaure ya karkace, tsatsa ta cinye gindinsa, sakata ba ta kamawa sai an tokare da bulo. Ranar da ka ɗauki awo ka nufi wajen mai walda a Agege ko Mile 12 a Legas, kafin a kai ga maganar kuɗi zai tambaye ka: "Alhaji, a rufe ta ruf, ko a bar mata hanyar iska?" In ka ce a bar mata, wata tambayar ta biyo baya: huji kawai, ko mai zamiya, ko raga? Amsar da ka bayar a tsaye ita za ta yanke yawan gawayin da za ka riƙa ƙonawa kullum, da irin ɓawon da burodinka zai yi, har da lafiyar yaron da ke kwana a shago kusa da tandar.

Tun 2023 da aka cire tallafin mai, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin gas da na ƙarfe suka yi sama. Masu tandar gawayi da itace da suka jingine ta sun koma mata, kuma babu mai son biyan kuɗin ƙofa sau biyu.

Ina wutar take?

Wannan tambayar ta riga kowace, don tanda iri biyu ce, kuma aikin ƙofa a cikinsu ba ɗaya ba ne.

A iri na farko, cikin ɗakin gashin ake hura wuta, a bar bulo ya sha zafi, a kwashe garwashi ko a tura shi gefe, sannan a jera gwangwanayen burodi. Ita ce tandar ƙasa ko ta bulo mai kubba. A nan ƙofa na da aiki biyu masu karo da juna: lokacin hura wuta ana son iska ta shiga ta ƙasa, hayaƙi ya fita ta sama, lokacin gashi kuma ba a son zafi ya tsere. Masu gina irinta sukan bar tsayin bakin ƙofa kusan kashi 63 cikin ɗari na tsayin kubbar daga ciki. In ya wuce haka sosai zafi ya gudu, in ya gaza wuta ta shaƙe. Wanda aka gina masa tanda nesa da wannan awon, magini yake bukata kafin mai walda.

A iri na biyu, wuta na da ɗakinta, abinci na da nasa. Haka tsofaffin murhunan ƙarfen zubi na Turai da Amurka suke tun ƙarni na 19, inda zafin wuta ke zagaye akwatin gashi kafin ya fita ta bututun hayaƙi. Haka ma akwatin ƙarfen da masu walda ke yi mana, mai tiren gawayi a ƙasa. A irin wannan, hujin ƙofar gashi ba don wuta aka yi shi ba, wuta na da tata ƙofar. Don tururi aka yi shi.

Tururin kuwa ba kaɗan ba ne. Kwaɓin burodi yakan rasa wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa a tanda, ko fiye, kuma kusan duka ruwa ne. Lita ɗaya ta ruwa in ta zama tururi takan cika wajen lita 1,700. Ke nan kwaɓi mai kilo 10 kaɗai zai fitar da tururin da ya ninka cikin ƙaramar tanda sau da yawa, dole ya nemi mafita. Abin lura shi ne, a minti 10 zuwa 15 na farko burodi yana son tururin nan, shi ke hana fatarsa ƙandarewa har ya gama tashi. Bayan nan kuma so yake tururin ya fita, don fuskar da ke jiƙe ba ta wuce digiri 100 a ma'aunin Celsius, launin gashi kuwa ba ya fitowa sosai sai ta kai wajen digiri 140. Nama in tururi ya yi masa yawa, dafaffe za ka fitar ba gasasshe ba. Bukatar iska tana sauyawa a cikin gashi ɗaya, kuma wannan shi ne ma'aunin da na fi bai wa nauyi a duk abin da ke tafe.

Abubuwan dubawa

Na farko iko da iska: za ka iya buɗewa, ka rage, ka rufe gaba ɗaya, tanda na da zafi, da hannu ɗaya? A nan a tuna cewa iska mai zafi sama take yi. Hujin ƙasa jawo iska yake, na sama fitarwa yake, huji ɗaya tak a tsakiyar ƙofa kuwa aikinsa kaɗan ne.

Na biyu riƙe zafi. Duk iska mai sanyi da ta shiga, gawayinka ne zai ɗumama ta.

Na uku ƙarko, kuma a nan Legas ba Kano ba ce. Ruwa yakan kankama tun Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Ga danshi duk shekara, ga iskar gishiri ga na kusa da ruwa kamar Apapa, Ijora, Ajegunle, Obalende da Badagry. Toka in ta sha danshi ta kwana a jikin ƙarfe, ci take. Sannan ƙarfe yana buɗewa da zafi: ƙyauren baƙin ƙarfe mai faɗin santimita 60, in zafinsa ya ƙaru da digiri 250, zai ƙaru da kusan milimita 2. Ƙofar da aka yi cif-cif tana sanyi, cijewa za ta yi tana zafi.

Na huɗu kuɗi. Farashin ƙarfe a kasuwar Owode Onirin dala yake bi, abin da aka faɗa maka yau ba lallai ya kai mako mai zuwa ba. Saboda haka a nan da abin da ke shiga aikin za mu auna: kaurin faranti, yawan walda, da lokacin mai aiki, wanda a yau ya haɗa da man janaretonsa.

Na biyar sauƙin wanki da gyara. Na shida haɗari, kuma shi kashi uku ne: gobarar kitse, ƙunar hannu, da iskar gubar nan ta gawayi, kabon monokzayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce dai ta hayaƙin janareto da ke kashe iyali guda cikin barci. Babu ƙofar da ke maganinta in tanda na cikin ɗaki marar taga.

Rufaffiya ruf

Faranti ne babu huji, in an kyauta a zagaye gefensa da igiyar zaren gilashi mai jure zafi. Ita ta fi kowace riƙe zafi a kan kuɗi kaɗan, kuma babu abin da zai lalace a jikinta sai hinji da sakata. Ga tandar bulo mai wuta a ciki ita ce tsohuwar hanya: a hura wuta ƙofa na cire ko a buɗe, a yi gashi tana rufe.

Matsalarta tururi. In tandar ba ta da wata mafita a sama ko a baya, ƙarshenta sai ka ga ana soka sanda a bakin ƙofa don ta ɗan buɗe. Wannan buɗewar ta fi kowane huji zubar da zafi, kuma ta gefe ɗaya take zubarwa, shi ya sa burodin gaba yake fitowa fari, na ƙurya ya ƙone. Haɗarinta kuma na gaske ne in an rufe da sauran itacen da bai gama ci ba. Iskar da ba ta ƙone ba takan taru a ciki, da ka buɗe da sauri ta sami iska, harshen wuta ya yo fuskarka. A tsaya a gefe, a ɗan buɗe kaɗan tukuna. Bayan aiki kuma kada a kulle ta da danshi a ciki, don ta ciki tsatsa ke fara cin irin wannan ƙofar.

Mai huji na dindindin

Ita ta fi yawa a gari, saboda mai walda ba ya wahala: ya huda jeri ɗaya ko biyu, an gama. Kuɗinta kusan ɗaya da na rufaffiya. In aiki ɗaya tak tandar ke yi, kuma aikin na son iska daga farko har ƙarshe, kamar busar da kifi ko ƙarasa kilishi lokacin da rana ta ƙi fitowa, tana yi.

Ban da wannan, ban ga dalilin zaɓenta ba. Ba ta rufuwa, kuma duk sauran aibinta daga nan ya taso. Burodi ya rasa tururinsa tun minti na farko, ya fito da taurin fata bai gama tashi ba, alhali mutanen Legas laushin burodin Agege suka saba da shi. Ranar da ake iskar hadari tandar ta yi wani hali, ranar da gari ya yi tsit ta yi wani, kai kuma ba ka da ta cewa. In kitsen rago ya ɗiga ya kama da wuta, maganinsa a toshe iska ne, don ruwa ƙara fantsama shi yake, ga shi kuwa ba ka da abin toshewa. Da dare ta zama hanyar kyankyaso, ƙaramin ɓera ma ramin milimita 6 ya ishe shi.

Wanda ya nace sai ita, ya kula da abu biyu. Girman huji yana yaudara: mai faɗin milimita 20 ya ninka mai milimita 10 sau huɗu wajen fili, ba sau biyu ba. A fara da ƙanana kaɗan, don ƙara huji ya fi cike shi sauƙi. Sannan a huda da injin huda, kada a ƙona da sandar walda. Bakin hujin da aka ƙona kaushi ne da shi, nan maiƙo ke maƙalewa, nan tsatsa ke farawa.

Mai zamiya ko mai juyawa

Wannan huji ne mai marfi. Siffa biyu ake yi. Ko dai a yanka jeren ramuka dogaye, a ɗora siririn faranti mai ramuka iri ɗaya yana zamewa cikin layi, ko a yi zagayayyen faifai mai juyawa a kan noti ɗaya. In ramuka suka yi daidai da juna iska ta wuce, in suka saɓa ta tsaya. Mafi kyau a yi biyu, ɗaya a ƙasan ƙyaure, ɗaya a sama.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun wajen shekarar 1800 Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Count Rumford, ya ƙera tandar gashin nama mai bututun shigar da iska a ƙasa da na fitar da tururi a sama, kowanne da abin toshe shi, ana buɗe su a ƙarshen gashi don nama ya yi ja. Tunanin ke nan har yau.

Ga yadda take aiki a hannu. Burodi ya shiga, duka biyu a rufe. Bayan minti 10 zuwa 15 a buɗe ta sama, tururi ya fita, ɓawo ya yi launi. Kek na son ta sama a ɗan buɗe kaɗan tun farko. Kaza da balangu, duka biyu rabi-rabi, a ƙara buɗewa dab da saukewa. Kitse ya kama, a rufe duka, a bar ƙofa a rufe har wutar ta mutu. A lokacin damina da itace da gawayi ke zuwa da danshi, mai tanda mai wuta a ciki da ke hura wuta ƙofa a rufe zai ga amfanin ta ƙasa, don jiƙaƙƙen itace na bukatar iska fiye da busasshe kafin ya bar hayaƙi.

Rauninta ɗaya ne sananne: cijewa. Maiƙo ya bushe a layin, tsatsa ta hau, zafi ya buɗe ƙarfen, sai ka ga ana dukan zamiya da guduma, daga nan ta lanƙwashe ta daina rufuwa. Maganin tun wajen ƙira yake. Ka ce wa mai walda ya bar wasa na milimita ɗaya zuwa biyu a layin, ya ɗaure layin da noti maimakon walda don a iya kwancewa a kankare, ya sa mariƙin katako. Wasu masu waldar ba sa son wannan aikin don yana cin lokaci, za su ce maka huji kawai ya isa. Lokacinsu suke karewa, ba gawayinka ba.

Tsakanin siffofin biyu, mai juyawa ta fi jure rashin kula, don noti ɗaya ne, in ya ci tsatsa a sauya shi da kuɗi kaɗan. Mai zamiya kuma ta fi sauƙin karantawa: a yi mata zane uku ko huɗu a jiki, sai ka ce wa yaron shago "ka kai ta na biyu" ba tare da ka tsaya a kansa ba. Ko wacce ka ɗauka, ba ta toshewa kamar rufaffiya, ɗan zafi zai riƙa zurarewa ta gefen marfin. Kuɗinta ya ɗara na mai huji, amma bambancin na aiki ne, ƙarfen da aka ƙara bai taka kara ya karya ba.

Mai raga

A shekarun 1880 kamfanin Excelsior na birnin St. Louis a Amurka ya yi ta tallata murhunsa mai suna Charter Oak da ƙofar gashi mai ragar waya. Abin da suke cewa shi ne, raga mai ƙananan idanu tana barin sabuwar iska ta shiga a hankali, tururi ya fita, nama ya gasu kamar a kan buɗaɗɗiyar wuta ba tare da ya tsotse sosai ba. Talla ce, mai kaya kuwa ba ya kushe kayansa. Amma akwai gaskiya a rabin maganar: raga tana karya ƙarfin iska, ba ta barin ta shigo da gudu ta wuri ɗaya kamar babban huji, kuma tana tare ƙuda da kyankyaso.

Ga nama da kifi, sakamakonta na da kyau. Ga burodi, matsalarta irin ta mai huji ce, ta ma fi, don filinta ya fi faɗi. Ita ce ta fi duka cin gawayi.

A Legas kuwa ƙarko ne ke kayar da ita. Siririyar waya ita ce abin da tsatsa ta fi saurin gamawa da shi, zafi da danshi suna taya ta. Kafin ma ta ɓule, maiƙo da baƙin hayaƙi sun toshe idanunta, ka wayi gari da rufaffiyar ƙofa mai ɗauke da kitsen da zai iya kamawa. In za a yi, to ragar sitenles, wato ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya saurin tsatsa, a cikin firam ɗinta na daban da ake zarewa a wanke da ruwan zafi da sabulu, kuma a yi mata marfin faranti daga waje don a iya rufe ta. Ragar sauro ta taga ba ta aikin nan ba ce: ta roba narkewa take, mai rufin tutiya (zinc) kuma ba a son ta kusa da abinci a wannan zafin. Da zarar ka ƙara firam da marfi, kuɗin ya kai na mai zamiya ko ya wuce.

Mai ciki biyu

Faranti biyu ne da fili a tsakani, kuma hanya biyu ake bi. Ko a cika filin da audugar dutse, wadda ke tare zafi kuma ba ta cin wuta, mai kaurin santimita 2.5 zuwa 5, a ratsa gajeren bututu mai marfi don iska. Ko a bar filin fanko ya zama hanya: iska ta shiga ta ƙasan farantin waje, ta hau tsakaninsu tana ɗaukar zafi, ta faɗa tanda ta hujin farantin ciki. Ta biyun na da wayo, don iskar da ke shiga ta riga ta yi ɗumi, ba ta dukan burodin gaba da sanyi.

Ita ta fi duka ajiye zafi tare da ba da iko da iska, kuma bayanta ba ya zafin da zai ɗauke fatar yaro. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda 'ya'yan maƙwabta ke wasa kusa da murhu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Farashinta ne mafi tsada, nauyinta kuma na neman hinji uku da firam mai ƙwari da aka kafa cikin gini sosai, in ba haka ba ta sunkuya cikin 'yan watanni. Aibinta na ɓoye shi ne tururi yakan shiga tsakanin farantan ya koma ruwa, ta ruɓe daga ciki kana ganin waje lafiya. A bar ƙaramin hujin tsiyaya a gindi, a ɗaure farantin ciki da noti don a iya buɗewa a duba. Kada a yarda a cusa soson katifa, ko kumfar tsohon firji, ko garin katako. Duk suna ci da wuta, biyun farko da hayaƙi mai guba.

| Irin ƙofa | Iko da iska | Cin gawayi | Ƙarko a Legas | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Rufaffiya | Babu | Kaɗan | Mai kyau | Ƙasa | Harshen wuta in an buɗe da sauri |
| Huji na dindindin | Babu | Da yawa | Matsakaici | Ƙasa | Gobarar kitse ba ta toshuwa |
| Zamiya ko juyawa | Sosai | Matsakaici | Mai kyau in ana kankarewa | Matsakaici | Cijewa tana buɗe |
| Raga | Sai in da marfi | Mafi yawa | Gajere, sai ta sitenles | Matsakaici zuwa sama | Kitse a idanun raga |
| Ciki biyu mai marfin iska | Sosai | Mafi ƙanƙanta | Mai kyau in tana tsiyaya | Sama | Nauyi, da ruɓewa ta ciki |

Ƙarfen da za a yi ta da shi

Zaɓin siffa ba zai cece ka ba in ƙarfen bai dace ba. Baƙin faranti mai kaurin milimita 3 da firam ɗin ƙarfe mai kusurwa a bayansa ya isa yawancin ƙananan tandu. Mai milimita ɗaya da 'yan kai zai murɗe a gashin farko. A bar tazarar milimita 3 tsakanin ƙyaure da firam, igiyar gilashi ta cike gurbin.

Kwanon rufi da duk ƙarfe mai rufin tutiya a bar shi daga fuskar ciki. Tutiya na narkewa a wajen digiri 420, rufinta na fara lalacewa tun kafin nan, hayaƙinta kuma na sa wa mai walda zazzaɓi. Alminiyam na narkewa a digiri 660, yana kuma laushi tun da nisa kafin ya kai, don haka ba na ƙofar da harshen wuta ke lasa ba ne. Sitenles samfurin 304 ya fi jure iskar gishiri, sai dai ya fi baƙin ƙarfe buɗewa da zafi, siririnsa na saurin murɗewa. Gwajin maganaɗisu da ake yi a kasuwa don gane 304 bai isa shaida ba, don samfurin 201 mai araha shi ma ba ya kama maganaɗisu, kuma yana tsatsa. Dabarar da ta fi sauƙi ga aljihu ita ce ƙyaure na baƙin ƙarfe, zamiya da notinanta na sitenles.

Mai tsohuwar ƙofar ƙarfen zubi kada ya sayar wa 'yan gwangwan. Ba ta murɗewa kamar faranti. Abin da take tsoro shi ne duka, da ruwan sanyi tana da zafi, kuma in ta tsage ba kowace sandar walda ke kama ta ba. In ka ga farar igiya mai ɓurɓushi a gefenta, tana iya zama asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. A jiƙa ta kafin a cire, kada a kankare a bushe. Fentin mai na gida ƙonewa yake, sai fenti mai jure zafi, shi ma daga waje kawai. Daga ciki a shafa man gyaɗa siriri a gasa shi ya kama.

Kafin ka cika wa mai walda kuɗinsa, rufe ƙofar a kan tsinken takarda a kusurwa huɗu. Inda takarda ta zare ba turjiya, akwai kafa. Da dare kuma a sa tocila a ciki a rufe, a ga inda haske ke fitowa.

Wa ya dace da wacce?

Mai gidan burodi da tandar bulo mai wuta a ciki, wanda ke kwashe garwashi kafin ya zuba kaya: rufaffiya mai ciki biyu cike da audugar dutse, da ƙaramin marfin juyawa guda a sama don sakin tururi. Ba ya bukatar na ƙasa, tunda ƙofa a buɗe take lokacin hura wuta.

Hajiyar da ke kek da burodi a gida da akwatin gawayi, yau wannan gobe wancan: mai zamiya biyu, sama da ƙasa, da zane a jiki. In akwai yara a tsakar gida, ta daure ta ƙara kuɗin faranti na biyu. Ta kuma sa ma'aunin zafi mai dogon tsinke a ƙyauren, don burodi tsakanin digiri 180 da 230 yake gasuwa, tafin hannu kuwa ba ya bambance 170 da 200.

Mai balangu da gasasshiyar kaza, wanda ke ɗauko nama daga mayankar Oko-Oba kullum, kitse ne abokin aikinsa, don haka duk abin da ba ya rufuwa ya fita daga lissafinsa. Mai juyawa biyu manya sun fi masa, don sun fi sauƙin kankarewa. In yana son raga saboda ƙuda, ya sa ta sitenles a bayan marfin, mai zaruwa.

Mai busar da kifi ko kilishi a wuta marar ƙarfi, a fili, ba a kusa da ɗakin kwana ba: shi kaɗai ne huji na dindindin ko raga za su yi wa aiki ba tare da asara mai yawa ba.

Wanda ba ya kunna tanda sai da Babbar Sallah, in ya sayo rago: kada ya kashe kuɗi a ciki biyu. Faranti ɗaya mai marfin juyawa, a kan hinjin da ake ɗaga ƙyaure a zare shi. Bayan Sallah ya wanke, ya shafe da mai, ya ajiye a ɗaki inda ruwan Yuni ba zai same shi ba.

Wanda kuma ƙofarsa lafiya lau take, mai huji ce kawai aka yi masa tun farko, ba sai ya sake sabuwa ba. Mai walda ya yanko siririn faranti, ya ɗora a kan jeren hujin, ya huda shi daidai da na ƙasa, ya kafa masa layi biyu da noti, sama da ƙasa, da ɗan wasan da zai bar shi ya zame tana da zafi.